Kare Icce

Shekarar da muka tashi daga Ƙofar Marusa muka koma Kambarawa, na yi wata uku ban ba kowa dariya ba sai kakata. Wanda bai san ni ba ba zai gane girman wannan masifa ba. Ni ce yarinyar da aka taɓa kora daga aji a tsohuwar makarantarmu saboda na yi atishawa da muryar shugabar makaranta. A tsohuwar unguwa, idan na leƙo ƙofar gida, kafin in gama gyara ɗankwali 'yan mata sun kewaye ni. A Kambarawa kuwa na fito ranar farko, na duba gabas katanga, na duba yamma katanga, kowace da ƙofar ƙarfe a garƙame. Na rafka sallama da ƙarfi don in ji ko akwai mai rai. Wata akuya ce ta ɗago kai, ita ma ba ta amsa ba.

Sabuwar makarantar a GRA take. Na shiga aji huɗu a tsakiyar shekara, lokacin da kowa ta riga ta gama zaɓen ƙawarta. Rana ta biyu na gwada su da labarina wanda bai taɓa ba ni kunya ba, na ranar da ragon layyarmu ya kwance ya shiga gidan biki. Na yi muryar ragon, na yi muryar uwar amarya, na yi gudun mai kiɗan ƙwarya. Wata 'yar ajinmu mai gilashi ta saurara tsaf har na kai ƙarshe, sannan ta ce, "To, sai me ya faru?"

Ai nan ne ƙarshen.

Tun daga ranar, idan aka fita tara sai in ɗauki awarata in zagaya bayan aji, in zauna kusa da tankin ruwa. Idan na ji takun mutum sai in sunkuyar da kai kamar ina nazarin wani babban al'amari a cikin yajin.

Na shiga kulob ɗin kwamfuta ne ba don ina son kwamfuta ba. Ɗakin yana da sola, fankarsa ba ta tsayawa. Sannan na lura da wani abu: idan mutum ya zauna shi kaɗai a bakin tanki, kowa ya san ba shi da kowa. Idan ya zauna shi kaɗai a gaban kwamfuta, sai a ce aiki yake.

Malamin kulob ɗin dogo ne siriri, maganarsa ƙasa-ƙasa, kuma kowa injiniya yake ce mashi, har mai shara. Shi ya koya mamu kodin. Da na ji sunan na zaci wani lissafi ne da zai fasa mani kai, ashe umarni ne aka yi su kala-kala kamar tubali, ka jawo wannan ka ɗora kan wancan. Idan an danna ka, matsa taku goma. Idan ka taɓa bango, juyo. Abin da ya burge ni shi ne kwamfuta ba ta da kawaici ko kaɗan. Abin da ka faɗa mata shi take yi, ko da shirme ne.

A tsakiyar zango Malam ya ce za a yi ranar nuna ayyuka, iyaye za su zo. Kowa ya haɗa wani abu da zai ja hankalin mutane su kula da muhalli, kada a ɓata ƙasa da ruwa da itatuwa.

"Ku kasu biyu-biyu," in ji shi.

Mu goma sha bakwai ne. Ban iya lissafi sosai ba, amma wannan na gama shi kafin kujeru su daina ƙara. Malam ya dube ni, ya dubi sauran, ya fara cewa, "Injiniya, ko ki shiga cikin..."

"A'a Malam," na ce da ƙarfi yadda har na baya za su ji. "Mu masu basira hayaniya tana dagula mamu tunani."

Ba wanda ya yi dariya. Malam ya ce to.

Wasu suka ɗauki ledar da ke toshe kwata, wasu suka ɗauki famfon da ake bari yana zuba. Ni ban yi dogon tunani ba, icce na ɗauka. A ƙofar tsohon gidanmu akwai wani bedi, wanda Kanawa ke ce ma darbejiya, mutum biyu ba su iya zagaye gindinsa da hannu. A ƙarƙashinsa na koyi carafke, a nan ake yi mamu kitso, a nan nake kafa dandalina kowace la'asar. Wata biyu bayan tashinmu muka koma unguwar wajen wani suna. Tun daga kan kwana na ga haske ya yi yawa a layin, kamar an cire ma unguwar hula. Wanda ya sayi gidan ya sare bedin ya fitar da shagon cajin waya. Ƙawayena duk suna cikin gidajensu, don babu inuwar da za a taru. Na tsaya a rana ina kallon kututturen har mai shagon ya leƙo ya ce ko caji zan kawo.

Ga yadda na tsara gem ɗina. Itatuwa goma a jere. Wani mutum da gatari yana fitowa daga gefe, yana tafiya a hankali zuwa ga icce. Idan ka danna shi da mawus sai ya koma inda ya fito. Idan ka yi sakaci ya taɓa icce, iccen ya faɗi ke nan. Daga sama akwai agogo mai ƙirga daƙiƙa, don a ga iya lokacin da mutum ya tsare su.

Sati uku na yi ina zanen itatuwan nan. Na farko ya fito kamar tsintsiya a kife, na biyu kamar kan wadda ta tsefe kitso ta fasa wankewa. A hankali suka fara kama da bedi. Ƙarar faɗuwar kuma da bakina na yi ta. Na matso da baki kusa da kwamfutar, na cika ƙirji da iska, na ce, "Rijijif!" Malam ya shigo da gudu, ya zaci kabad ce ta kife.

To amma duk lokacin da nake son in ji ko ƙarar tana fita daidai, sai na jira mai gatarin nan ya tako a hankali kamar ango. Na gaji. Sai na ƙara wani ɗan tubali guda ɗaya: idan an danna icce, ya faɗi. Na ce na gwaji ne, in na gama zan cire.

Na sa ma gem ɗin suna da manyan baƙaƙe: KARE ICCE. Idan kuma duk itatuwan suka faɗi, sai rubutu ya fito ya sanar da mutum ya yi hasara. Kibod ɗin makaranta ba shi da harafin ka mai ƙugiya, don haka na rubuta yadda kowa ke rubutawa a waya: ICCE YA KARE.

Da na koma gida na rubuta sunan a takarda na nuna ma kakata. Ta yi ajin yaƙi da jahilci tana budurwa, kuma har yau ba ta yarda a karanta mata abin da ta iya haɗawa da kanta. Ta nesanta takardar da fuskarta.

"Ka... re... ic... ce. Karen icce? Wa ya sassaƙa shi?"

"Hajiya, ba kare mai haushi ba. Karewa. A kare icce kada a sare."

"To mi ya hana ki ce haka nan? Ja'ira, kin tahi makarantar masu kuɗi kin koyo rowar magana."

"Ke dai tsufa ne ya cinye maki ido."

"Idona ras yake. Da shi na ga kakanki tun daga bakin kasuwa na ce wancan nike so."

Na yi dariya na karɓe takardata. Da ina da hankali da na tsaya na yi tunani a nan.

Ranar nunin ana zafin bazara irin wanda ko ƙuda ba ya son tashi. Aka jera tebura a babban ɗakin taro. Kowane tebur mutum biyu, suna gyara ma juna hijabi, suna raɗa. Ni na tsaya a nawa, na rasa inda zan sa hannuwana. Na sa su a baya, na yi kama da soja. Na naɗe su a ƙirji, na yi kama da wadda aka ɓata ma rai. Awa guda cur ba wanda ya tsaya. Wata Hajiya ta matso, na gyara tsayuwa, ashe fanka ta biyo.

Sai aka saki 'yan ƙananan azuzuwa. Wata 'yar aji biyu ta tsaya, ta karanta sunan da ƙarfi: "Ƙare icce." Kafin in buɗe baki ta kama mawus ta danna icce.

Rijijif!

Ta yi tsalle ta ƙyalƙyale da dariya. Ta danna na biyu. Rijijif! Ta bi su ɗaya bayan ɗaya, mai gatarina yana can baya yana takunsa na ango, bai ko iso ba aka gama mashi aiki. Rubutu ya fito: ICCE YA KARE. Agogo ya tsaya a daƙiƙa goma sha biyu.

"Na ci! Na ƙare su! Sha biyu!"

Ban cire tubalin gwajin ba. Kuma ni da hannuna na rubuta kare a sama ina nufin karewa, na rubuta kare a ƙasa ina nufin ƙarewa. Mu da muka saba karanta saƙon waya, ido da kansa yake sa ƙugiya inda ya ga dama. Balle icce, wanda a kowane gida a Katsina an saba jin an leƙa madafa an ce ya ƙare.

Kafin minti goma teburina ya koma kamar wurin rabon naman suna. Wata ta yi a daƙiƙa tara. Wata 'yar aji shida ta naɗe hannun riga ta yi a bakwai. Ana ihu, ana tafi, muryata tana ta rijijif, rijijif, kamar ana rushe garin gaba ɗaya. Masu leda da masu famfo suka bar teburansu suka taho. An ture ni har na koma bayan taron ina ɗage don in hango gem ɗina.

Na buɗe baki zan ce ba haka ake yi ba. Wallahi na buɗe. Sai na ji an damƙi hannuna. Mai gilashin nan ce.

"Ke kika yi wannan? Muryarki ce? Kai, ashe ke 'yar duniya ce!"

Tun da na shiga makarantar ba wanda ya taɓa riƙe mani hannu. Na rufe bakina.

Ana cikin haka Malam ya iso da baƙi. A gabansu akwai wani Alhaji, mahaifin wata ɗaliba, da babbar riga mai aiki har ciki. Aka dare masu hanya, aka turo ni gaba. Na durƙusa na gaishe shi, ya tambayi karatu, ya tambayi mutanen gida, ya tambayi zafi.

"Alhaji, ga injiniyarmu," in ji Malam. "Ita kaɗai ta haɗa wannan. Gem ne na kare itatuwa."

Rijijif! Rijijif! Rijijif!

Alhaji ya gyara hula ya leƙa. "Malam, kare su ake ko ƙare su? Na ga ko ɗaya bai tsira ba."

Wurin ya yi tsit. Kowa ya zuba mani ido. Irin shirun da na yi wata da watanni ina nema ke nan, shirun mutane masu jira in yi magana. Ina iya cewa kuskure na yi. Ina iya ba su labarin bedinmu. Abin da ya fito daga bakina shi ne:

"Ranka ya daɗe, mun ga masu gatari suna shan wahala ne, ga rana ga ciwon baya. Shi ne muka kawo masu ci gaba. Yanzu da yatsa ɗaya ake yi."

Ɗakin ya fashe. Alhaji ya yi dariya har da dafa kafaɗar Malam. Mai gilashi ta sunkuya tana riƙe ciki. Malam kaɗai bai yi ba. Shi ne ya ga yadda na yi sati uku ina zana ganye ɗaya-ɗaya. Da aka watse ina naɗe wayar kwamfuta ya tsaya kusa da ni.

"Injiniya, haka kika nufa?"

"Eh, Malam."

"To."

Sati biyu na yi ina sarauta. Sunana ya koma Rijijif, har 'yan aji ɗaya da shi suke gaishe ni. Da an fita tara sai a cika ɗakin kwamfuta ana gasar ƙare icce, ni kuma ina tsaye ina sharhi kamar mai gabatar da dambe. Na sake ba da labarin ragon layya, wannan karon har wata ta ƙware da ruwa. Awarata ta daina isata saboda hannuwa, amma ana ba ni cincin da alawar madara. Idan na dawo gida kakata takan ce bakina ya dawo, Allah ya jiƙan zaman lafiya.

Sai dai ban taɓa tsayawa ta inda zan ga fuskar kwamfutar ba. Nakan juya mata baya in fuskanci mutane. Ƙarar dai ba yadda zan yi da ita.

Wata Laraba muna jiran a zo ɗaukarmu, ni da mai gilashi, muka zauna a kan dakalin bakin ƙofa. Ban san abin da ya taɓa ni ba, na fara ba ta labarin bedin. Na faɗa mata yadda 'ya'yansa ke faɗo mamu a ka ana kitso, da yadda na iske layin ya yi fayau. Ina magana ina kallon takalmina. Da na ɗago sai na ga bakinta a buɗe, idanunta suna ƙyalli, dariyar tana nan a maƙogwaro tana jiran a sake ta.

"Sai mai shagon ya ce ko caji kika kawo," ta ce. "Sai kika ce mashi me?"

Ban ce mashi komai ba ranar. Amma ga ta tana jira.

"Na ce ya caja mani inuwa ta awa biyu."

Ta yi dariya har gilashinta ya zame. Motarsu ta zo, ta shiga tana ɗago mani hannu. Na zauna a dakalin, kuma abin da na ji a ƙirjina shi ne dai wanda nake ji a bakin tanki, ko kaɗan bai ragu ba.

Washegari na riga kowa shiga ɗakin kwamfuta. Na nemo tubalin gwajin, ɗan ƙarami ruwan ɗorawa, na ja shi na jefar. Ko daƙiƙa biyu bai ɗauka ba. Sannan na koma kan sunan, na ce bari in yi bayani yadda ko jariri zai gane. Na buga, na ɗago na karanta abin da na rubuta:

KARE ICCE, BA KARE ICCE BA.

Malam yana bayana ban sani ba. Ranar na fara jin dariyarsa, wata irin siririya kamar buta ta fara tafasa. Da ya gama ya share ido ya ce, "Injiniya, nemi wata kalmar." Na goge na sa HANA SARAN ICCE. Ya yi kama da allon gargaɗi a bakin hanya, amma ba mai sa mashi ƙugiya.

Da aka fita tara suka shigo kamar kullum. 'Yar aji shidan nan mai daƙiƙa bakwai ta zauna, ta danna icce. Shiru. Ta sake dannawa. Ta ɗaga mawus ta girgiza shi.

"Rijijif, abinki ya lalace."

"Ba lalacewa ya yi ba, Anti, gyara shi na yi. Mai gatarin ake dannawa."

"In an danna shi sai me?"

"Sai ya koma."

"Sai kuma me?"

"Sai ya sake dawowa."

"To ina rijijif ɗin?"

"In kin iya, ba za ki ji shi ba."

Ta dube ni kamar na ce ta biya kuɗin kallo ta rufe ido. Wasu suka ce in mayar da shi yadda yake, don Allah, don Annabi. Na san inda tubalin yake, na san launinsa. Hannuna har ya kai kan mawus. Na ce masu na manta yadda ake yi.

Ranar Litinin mutum biyar suka leƙo. Talata biyu, su ma fanka suka biyo. Ba wanda ya yi faɗa da ni, ana dai ce mani Rijijif idan an wuce ni a baranda, amma ba a tsayawa.

Ranar Alhamis ni kaɗai ce a ɗakin. Awarata tana cikin jaka, don Malam ya hana cin abinci kusa da kwamfuta. Na kunna gem ɗin na fara korar mai gatari. Ya fito, na danna, ya koma. Ya fito ta ɗaya gefen, na danna. Agogo ya wuce ɗari uku, ya wuce ɗari biyar, itatuwana goma suna tsaye. A nan na gano wani abu da ban taɓa lura da shi ba. Na rubuta abin da zai faru idan mutum ya yi hasara, amma ban rubuta abin da zai faru idan ya ci ba. Ko maɓallin dakatarwa ban sa ba. Ban taɓa kawo ma raina wani zai daɗe haka yana tsaron su ba. Cikina yana kuka, yatsana ya ƙage, kuma na kasa tashi in bar su.

Aka ja kujerar kusa da ni. Ban waiga ba, don mutumin ya fito.

"Yaushe ake cinyewa?" Muryar mai gilashi ce.

"Ba a cinyewa. Ban rubuta wurin ba."

"To har yaushe za ki zauna?"

"Ban sani ba."

Ta zuba ma fuskar kwamfutar ido. Ya fito, na danna. Ya fito, na danna.

"Wallahi gem ɗin nan ba daɗi," ta ce. "Kin ci abinci?"

"A'a."

"Matsa."

Na miƙa mata mawus ɗin ba tare da na ɗauke ido daga mutumin ba. Na fita da awarata, na zagaya ta taga, na tsaya a rana ina ci ina leƙe ta tsakanin ƙarafuna. Ba ta iya ba ko kaɗan. Tana ganin ya fito sai ta rikice ta danna sama.

Rijijif!

"Hagu! Ta hagu yake fitowa!" na ce da awara cike da baki.

"Na gan shi! Ke ci abincinki, kin cika surutu!"

Rijijif!

"Saura nawa?"

"Takwas. Ki ci a hankali mana, kada ki ƙware. Ina nan."